Hannunka Mai Sanda: Injiniyan Da Ya Liƙe Jar Wuta

Gyara kayanka, in ji Hausawa, bai zama sauke mu raba ba. Akwai maganar da in aka faɗe ta gatsau sai ta zama faɗa, in kuwa aka ƙunshe ta cikin labari sai mai hankali ya kwance ya ɗauki rabonsa ba tare da an ci masa fuska ba. Don haka ga labarin wani saurayi mai haɗa sauti a ƙasar Makarfi.

Saurayin nan ya tafi Zariya neman sana'a, Allah ya haɗa shi da wani dattijo mai situdiyo a Sabon Gari. Dattijon ya yi ƙuruciyarsa yana aikin sauti a gidan rediyo, tun zamanin da ake naɗar murya a tef, a yanka da reza, a haɗe da salatif. Yaron yana da kunne, hannunsa kuma yana da sauri a kwamfuta, har maigidan yakan ce in ya nutsu zai wuce sa'o'insa. Haƙuri ne kawai ya yi masa ƙaranci. Kafin a yaye shi ya yaye kansa, ya koma gida ya kama shago kusa da kasuwa, ya manna soso a bango, ya sayi laftof da makirufo da sifika biyu da fanka da ɗan janareta, ya zuba FL Studio a kwamfutar. Ba a jima ba aka manta da sunansa na yanka, kowa sai Injiniya.

Kasuwa ta buɗe masa. Makarfi garin rake ne da mazarƙwaila, in kaka ta yi kuɗi ya shiga hannun manoma sai bukukuwa su kankama, kowane ango yana son a ambaci sunansa da na amaryarsa a waƙa. Ga sha'irai masu bege, ga mawaƙan siyasa. Mutumin Tashar Yari ko Hunƙuyi ko Ikara da a da sai ya yi tattaki zuwa Zoo Road a Kano, yanzu ga situdiyo a ƙofar gida.

Cikin kayan aikin da ke kwamfutarsa akwai wadda masu sana'ar ke kira kwamfiresa. Dalilin samuwarta shi ne, muryar ɗan Adam ba ta tafiya bai ɗaya. Mawaƙi yakan sassauta har ya kusa raɗa, can kuma ya ware maƙogwaro. Na'ura kuwa tana da rufi. A kwamfuta sifili shi ne rufin, duk wani sauti ƙasa da shi ake ƙirga shi da desibel, abin da ya nemi haura shi kuwa sai a fille masa kai, ya fito a tsage. Tun shekarun 1930 gidajen rediyo suka fara amfani da irin wannan na'ura don kada ihun mai magana ya fi ƙarfin injin watsa shiri. Aikinta ta ɗan rage abin da ya yi tsawo, domin a sami damar ɗago abin da ya yi ƙasa, kowa ya jiyu. Don adalci tsakanin muryoyi aka ƙera ta.

Injiniya ya gano wani abu da duk mai wannan sana'a ya sani: in ka kunna wa mutum waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ta ɗan fi ƙara, zai rantse maka ta biyun ta fi daɗi. Haka kunne yake a jin farko. Sai ya mayar da wannan ya zama dukan iliminsa. Duk waƙar da ta shigo shagon sai ya danne ta iya dannewa, sannan ya ɗaga ta gaba ɗaya har ta dafe da rufi. Zanen sautin a fuskar kwamfuta, da ya kamata a ga tudu da kwari a cikinsa, sai ya koma shafe daga farko har ƙarshe.

Shagon ba ya rabuwa da 'yan zaman banza, masu cajin waya da shan shayin Injiniya. Da zarar ya murɗa maɓalli sifika ta girgiza sai su ɗauka: "Wuta, Oga! Ƙara mata! Ko a Kano ba a yin irin wannan." Akwai kuma wani ɗan ƙaramin almajirinsa, mai shara da naɗe wayoyi, wanda idonsa ba ya barin 'yar akwatin da ake jona makirufo. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya ce, "Oga, jar wutar nan fa tun ɗazu take kamawa." Injiniya ya daka masa tsawa, ya tambaye shi wa ya koya wa wani aiki. Washegari yaron ya sake faɗa. A rana ta uku Injiniya ya yanko baƙin salatif ya liƙe jar wutar, ya rufe tagar mita a kwamfuta, ya ce ita ke raba masa hankali. Daga ranar, duk lokacin da za a ɗauki murya, sai ya aiki yaron sayen fetur.

Ana nan sai ga wani tsohon mawaƙi daga wajen Paki, shi da makaɗan kalangu biyu da 'yan amshi uku. Ya shirya wa manoma waƙa, za a saka ta a wani taro a Hunƙuyi inda masu tumatir na Ikara da masu rake na Makarfi da masu inabi na Kudan za su hallara. Waƙar tana da tsari irin na mutanen da. Tana farawa ne a hankali, da addu'a ga manyan manoman da suka riga mu gidan gaskiya, muryar tsohon tana rawa, kalangu yana bin ta a sannu. Daga nan take hawa gaba gaɗi, har ta kai inda zai ware murya ya yi wa masu rai kirari, kalangu ya amsa, gashin jikin mai sauraro ya tashi. Duk daɗin waƙar yana cikin tazarar da ke tsakanin wancan sassauci da wannan tashin.

Ranar ɗauka ana zafi. Fanka tana ta huci, janareta yana ruri a bayan bango, 'yan zaman shago suna ƙus-ƙus a lungu. Tsohon ya ce, "Ɗana, da an kashe fankar nan, an kuma ce wa samarin nan su ɗan ba mu wuri." Injiniya ya ce, "Baba, kada ka damu, kwamfuta za ta gyara komai." Tsohon ya yi shiru, ya yi waƙarsa da dukan zuciyarsa, ya biya, ya tafi.

Ranar taro aka jona manyan sifiku, aka saki waƙar. Addu'ar farko, da ya kamata ta sa fili ya yi tsit, ta fito da ƙarfin kirari. Tare da ita rurin janareta ya fito, da hucin fanka, da tarin wani, da muryar wani ɗan zaman shago yana faɗin "wuta" daidai inda ake ambaton mamata. Kalangu ya rasa bakinsa, sai wani dum-dum marar kai. Duk lokacin da tsohon ya ja numfashi sai hayaniyar ɗakin ta taso, in ya ci gaba ta nutse. Da aka zo kirarin da kowa ke jira, babu inda za a hau, domin tun baitin farko waƙar tana manne da rufi. Muryar ta tsage kawai. Kafin a kai rabi mutane sun koma hirarsu, dattawan da ke kusa da sifika sun ja kujerunsu baya.

Bayan kwana biyu ɗan wani manomi ya ɗora waƙar a YouTube. Can ma ba ta tsira ba. Ya kunna ta a waya, ya bi ta da wata tsohuwar ɗaukar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999. Muryar Shata ta fito tsaye, kalangunsa yana magana, ta Injiniya kuwa da aka yi jiya-jiya ta koma 'yar ƙarama, a shaƙe.

Tsohon ya dawo shagon, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ku mutanen Makarfi kun fi kowa sanin rake. Rake na kawo maka, ka matse ruwan ka zubar, ka miƙo mini tuƙa." Ya juya ya tafi. 'Yan zaman shago suka ce tsufa ne, bai san zamani ba. Amma maganar ta hana Injiniya barci, da asuba ya saɓi laftof ya nufi Zariya.

Maigidan ya saurari waƙar bai kai minti ɗaya ba ya tsayar. Tambayar farko da ya yi ita ce, "Ina mitarka?" Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce ya rufe. Dattijon ya ce, "To zauna, yaro. Karatun da ka gudu ka bari, yau za ka yi shi."

Ya nuna maɓalli na farko, tireshol. "Wannan ita ce iyaka. Abin da ya haura ta shi ake taɓawa, abin da ke ƙasa a bar shi. Kai ka sauke ta har desibel 40 ƙasa da sifili, ta yadda ko raɗa mawaƙi ya yi ta zama laifi. Iyaka ana sa ta ne inda sai abin da ya yi fice zai taɓa ta. Ba kowace murya da ta ɗaga ce ke bukatar a danne ta ba. Wata an ɗaga ta ne don wurin ya kai a ɗaga."

Ya koma na biyu, reshiyo. "Wannan nauyin hannunka ne. In ka sa 4 bisa 1, muryar da ta haura iyaka da desibel 8, da 2 kawai za ta fito. A muryar mawaƙi, 2 zuwa 4 bisa 1 yakan wadatar. Akwai wata na'ura mai suna 1176 da wani Ba'amurke, Bill Putnam, ya fitar a 1967, har gobe manyan situdiyo na duniya suna ji da ita. Tana da 4, da 8, da 12, da 20. Mai ƙera ta ya ba da zaɓi huɗu ne don a auna, kai kuwa kullum 20 kake sawa. Daga nan ka bar gyara, ka koma toshewa."

Na uku atak, wato saurin kamu. "Ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ran kalangu yana cikin ɗan ƙyas ɗin nan na farko, lokacin da sanda ta sauka a fata. Ka sa na'ura ta cafke tun kafin ƙyas ɗin ya fita, shi ya sa kalangun ya zama bebe. Ba shi ko milisakan 10 zuwa 30, ya faɗi abin da ya zo faɗa, sannan ka riƙe."

Na huɗu rilis, wato sakin hannu. "In ka saki da gaggawa, hayaniya za ta riƙa tasowa tsakanin kalma da kalma, kamar yadda ka ji. In kuma ka ƙi saki, ihu ɗaya da mawaƙi ya yi zai jawo a danne duk baitin da ya biyo baya, alhali shi bai yi komai ba. Wanda ka riƙe saboda ɗaga murya, in ɗagawar ta wuce, sake shi."

Sai ya ɗora yatsa a kan na ƙarshe, na ramuwa, wanda ake mayar da ƙarfin da aka rage da shi. A nan ya daɗe. "Saurara da kyau, nan ne ka hallaka aikin. Ka danne tsohon nan da desibel 15, sannan ka ƙara wa komai 15. Shi bai ci ribar komai ba, abin da aka ƙwace masa aka mayar. Janareta fa? Fanka fa? Masu ƙus-ƙus a lungu fa? Su ba su taɓa haura iyaka ba, don haka ba a taɓa danne su ba, amma ƙarin nan sun cinye shi cif. Haka lissafin yake ko'ina: in ka danne mai magana ka ɗaga kowa, hayaniya ce take samun girma."

Daga nan ya buɗe tagar da aka rufe. Ya ce mita uku ce, kowace da aikinta. Ta farko tana nuna ƙololuwa, ita ke yin ja in an taɓa rufi, kuma mai hankali yakan bar tazarar desibel 6 zuwa 12 lokacin ɗauka, don bai san inda mawaƙi zai tashi ba. Ta biyu tana nuna matsakaicin ƙarfi, kusan yadda kunne ke ji. Kakarta ita ce mai allurar nan da injiniyoyin Amurka suka daidaita a 1939, wadda dattijon ya ce da ita suka yi aiki a rediyo, jikarta kuma ita ce ma'aunin LUFS na yau. "Ta uku," in ji shi, "ita ce wadda masu girman kai ba sa son kallo. Ba ta auna mawaƙi, kai take aunawa. Tana nuna yawan abin da hannunka ke dannewa. In tana lilo tsakanin 3 da 6 tana komawa sifili, kana gyara. In ta kwanta a 15 ba ta tashi, kana zalunci."

Injiniya ya ce, "Maigida, ai ni da kunnena nake aiki." Dattijon ya girgiza kai. "Kunne yana gajiya, yana kuma sabo. In ka yini cikin ƙara, da yamma ƙarar ba ta isarka, sai ka ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne abin da kunnen baligi ke ɗauka lafiya, a 2022 kuma ta ba da shawarar kada matsakaicin sauti a wuraren taro ya wuce 100. Kai kana zaune tsakanin sifika biyu da bakin mutum goma masu ce maka ƙara. Kunnenka ya daɗe da zama nasu. Mita ba ta shan shayinka, shi ya sa take gaya maka gaskiya." Ya kuma koya masa gwaji ɗaya: ya daidaita ƙarar wadda aka gyara da wadda ba a taɓa ba, su zama kai ɗaya, sannan ya saurara. In gyararriyar ba ta fi ba a haka, to ba gyara aka yi ba.

Ya ƙara masa da cewa ba shi ne farkon faɗawa wannan rami ba. Turawa sun shafe shekaru suna tseren ƙara, kowane kamfani yana son faifansa ya fi na wani amo. A 2008 ƙungiyar mawaƙan Amurka Metallica ta fitar da faifan Death Magnetic, masoyanta da kansu suka yi ta ƙorafin an matse shi har ya tsage. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta kafa ƙa'idar 23 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS ga shirye-shiryenta. Spotify tana daidaita waƙoƙi a 14 ƙasa da sifili, YouTube ma wajen nan take sauke duk abin da ya wuce. "Ka ga abin da ya same ka. Ƙarar da ka sayar da ran waƙa ka saya, da ka kai ta inda ake awo sai aka ƙwace. Ran kuwa bai dawo ba."

Suka warware dannewar ɗaya bayan ɗaya, addu'ar farko ta koma mazauninta, kalangu ya buɗe baki. Da suka iso kirarin sai suka tarar a tsage yake tun daga tushe. A lokacin ɗauka muryar ta bugi rufi, jar wuta ta yi ta kamawa a ƙarƙashin salatif, yaron da zai faɗa kuma yana gidan mai da galan a hannu. Dattijon ya ce, "Wannan babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake. Abin da aka fille an fille. Sai dai ka je ka ba mai shi haƙuri."

Injiniya ya je Paki ya durƙusa. Tsohon ya yafe masa, ya sa masa albarka, amma ya ce taro ya riga ya watse, kuma mutanen da suka ja kujerunsu baya ba za su taru gobe don a sake kunna musu ba. Injiniya ya dawo Makarfi ya ɓare salatif, ya sallami 'yan zaman shago, ya ajiye wa ƙaramin yaron kujera kusa da tasa. Aikinsa ya gyaru. Sunansa kuwa ya daɗe bai gyaru ba, domin a ƙauyukan nan labarin waƙar da ta watsa taro ya riga shi isa ko'ina.

Masu situdiyo da masu saka kiɗa a biki, daga Ikara har Hunƙuyi, nasu rabon a fili yake: ku buɗe mita, ku bar wa waƙa tudunta da kwarinta, ku ji tausayin kunnen jama'a. Sai dai ba a situdiyo kaɗai ake riƙe maɓallai ba. Duk wanda aka damƙa wa muryoyin mutane yana riƙe da su, ko shugaban ƙungiyar manoma ne, ko mai riƙe da kujerar mulki, ko shugaban makaranta, ko magidanci a cikin gidansa. Akwai wanda ya sauke iyakarsa har ƙasa, ta yadda manomin da ya ce taki bai iso ba ya zama ɗan adawa, malamin da ya ce rufin aji yana yoyo ya zama mai taurin kai, matar da ta ce cefane bai isa ba ta zama marar godiya. Akwai wanda yake cafke magana tun ba ta fita ba, da wanda ya riƙe mutum shekara da shekaru saboda kalma ɗaya. Irin wannan shugaba yakan waiwaya wata rana ya ga babu kowa kusa da shi sai masu cewa ƙara, ya ɗauka kuma ƙarar da yake ji ita ce ƙaunar jama'a, har ranar da za a kai shi inda ake awo, ko gaban akwatin zaɓe, ko gaban Ubangijin da ba a liƙe wa mita.

Ban ambaci kowa ba, wanda ya tsargu da shi ake. In akwai wanda ka saba aika sayen fetur duk lokacin da za a yanke shawara, ka kira shi ya dawo, ka zaunar da shi kusa da kai, ka saurari abin da yake gani tun ɓarnar ba ta kai inda ba ta gyaruwa ba. Allah ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya, ya ba mu ikon faɗinta.